Wa ke zaɓen waƙar da ake sa maka a rediyo?

Mawaƙan fim na kukan ba a sa waƙoƙinsu, masu sauraro na kukan an ishe su da waƙa ɗaya, kowa kuma kwamfuta yake ɗora wa laifi. Wakilinmu ya duba yadda abin yake tafiya, daga birnin Kano zuwa Madobi, Kura da Bunkure.

DUK mai bibiyar waƙoƙin finafinan Hausa ya san wannan abin. Mawaƙi zai saki album mai waƙa goma, amma ɗaya tak za ka riƙa ji a rediyo, da safe, da rana, da dare, har ta gundure ka. Sauran taran kuwa ko ɗuriyarsu. Wani mawaƙin kuma zai kashe 'yan kuɗaɗensa a situdiyo, ya buga waƙa mai ma'ana, ya zagaya gidajen rediyo da ita, amma shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Idan ka tambayi dalili, amsar da ta fi yawa a bakin mutane yanzu ita ce: ai kwamfuta ce ke zaɓe.

To shin haka ne? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma rabinta ne kawai. Kwamfuta na jera waƙoƙi, ta kunna su, ta kashe su a kan lokaci. Sai dai ba ta taɓa sa waƙar da wani ɗan'adam bai zuba mata ba. Saboda haka tambayar da ta dace mawaƙi da mai sauraro su yi ita ce: wa ke riƙe da makullin rumbun da ake zuba waƙoƙin, kuma me yake dubawa kafin ya buɗe?

ZAMANIN KATIN ZAƁE

Kafin a zo kan na'ura, bari mu ɗan waiwaya baya. Tun da aka buɗe Rediyon Kaduna a 1962, waƙa ta zama ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke riƙe Bahaushe a bakin akwatinsa. A wancan lokacin hanyar zaɓen waƙa a fili take. Akwai laburare mai faifan garmaho da tef, akwai ma'aikacin da ke kula da shi, akwai furodusan shiri da zai je ya ɗauko abin da yake so. Uwa uba kuma akwai shirin Zaɓi Sonka. Mutum zai sayi katin zaɓe, ya rubuta sunansa da garinsu da sunayen waɗanda yake gaisarwa, ya aika. Har ƙungiyoyin 'yan zaɓi sonka aka kakkafa a garuruwa, mutane suka yi suna ta wannan hanyar, aka ƙulla zumunci tsakanin waɗanda ba su taɓa ganin juna ba. Waƙoƙin su Mamman Shata, Musa Ɗanƙwairo, Ɗan Maraya Jos, Haruna Uji da Barmani Choge ta wannan ƙofar suka shiga lungu da saƙo.

Ba a ce tsarin ba shi da son rai ba. Mai gabatarwa ɗan'adam ne, yana da waɗanda yake so. Amma akwai wani abu guda da katin ya yi wa talaka: ya sa ana ƙirga shi. Katin da ya fito daga Bunkure daidai yake da wanda ya fito daga Fagge.

Abubuwa sun fara canzawa ne a 1992, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta yi doka mai lamba 38, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talbijin ta Ƙasa, wato NBC, ta kuma ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshinsu. RayPower ta fara aiki a Legas a 1994. A Kano kuwa sai a Disambar 2003 Freedom Radio ta buɗe a kan mita 99.5. A cikin waɗancan shekarun ne kuma Rediyon Tarayya ya shiga kakkafa tashoshin FM a jihohi, ta Kano ita ce Pyramid FM a kan mita 103.5, wadda aka gina a Madobi. Daga baya tashoshi suka yi ta ɓullowa: Dala FM, Rahma, Cool FM, Wazobia, Express, Arewa, da sauran su.

Wannan buɗi ya zo daidai da tashen waƙoƙin fim. Bayan Sangaya da Wasila sun girgiza kasuwa, furodusa ya gane cewa waƙa ita ce ke sayar da fim. Sai a saki kaset ɗin waƙoƙin tun kafin fim ya fito, 'yan Ƙofar Wambai su baza shi, masu shayi da 'yan acaɓa su haddace. Muryoyin su Misbahu M. Ahmad, Rabi Mustapha, Mudassir Ƙassim, Sani Yusuf Ayagi, Sadi Sidi Sharifai, Fati Nijar da Maryam A. Baba suka cika gari. Ga kuma wayar salula da ta shigo a 2001, wadda sannu a hankali ta kashe kasuwar katin zaɓe, aka koma kiran waya da tes.

INDA NA'URAR TA SAMO ASALI

Shi wannan salo na maimaita 'yan waƙoƙi ƙalilan dare da rana ya girmi kwamfuta. A Amurka aka fara shi a farkon shekarun 1950, a hannun wani mai gidan rediyo a garin Omaha mai suna Todd Storz. Shi ya lura cewa mutane sun fi son su yi ta jin waƙar da suka riga suka sani, don haka ya taƙaita tasharsa ga waƙoƙin da ke tashe. Daga nan aka samu tsarin waƙoƙi arba'in na sahun gaba, wanda ya bazu a duniya.

A 1979 kuma wani Ba'amurke, Dakta Andrew Economos, ya fito da manhajar Selector a ƙarƙashin kamfaninsa na RCS. Ita da ire-irenta, kamar MusicMaster, su ne har yau manyan gidajen rediyon kasuwanci ke amfani da su wajen tsara jadawalin waƙa.

Ga yadda abin yake aiki a taƙaice. Akwai ma'aikaci guda, daraktan kiɗa, wanda shi ke karɓar waƙa ya shigar da ita. Zai rubuta sunan mawaƙi, tsawon waƙar, namiji ne ko mace, mai zafi ce ko mai sanyi, sannan ya jefa ta a wani rukuni: masu tashe, sababbi, na 'yan shekarun baya, ko tsofaffi. Sai ya zana wa kowace awa tsarinta, misali bayan labarai a sa mai tashe, sai tsohuwa, sai talla, sai sabuwa. Bayan haka ya gindaya sharuɗɗa: kada mawaƙi ɗaya ya fito sau biyu a cikin awa guda, kada masu sanyi uku su jeru, waƙa kaza kada a sa ta da safe. Da ya danna, manhajar za ta fitar masa da jadawalin yini guda cikin 'yan daƙiƙoƙi, shi kuma ya bi ya gyara.

A nan sirrin maimaicin yake. A ɗauka an zuba waƙa shida kacal a rukunin masu tashe, kuma an ce a sa biyu daga ciki a kowace awa. Ke nan duk bayan awa uku waƙar za ta dawo, sau takwas a kwana ɗaya. Wadda aka jefa a rukunin tsofaffi tare da wasu ɗari biyar kuwa, sai ta yi kwanaki ba ta zagayo ba. Na'ura ta yi lissafin, amma wanda ya ce waccan mai tashe ce, wannan tsohuwa ce, mutum ne mai jini a jika.

Su can suna da hanyar auna ra'ayin jama'a. Akan tara masu sauraro ko a kira su a waya, a kunna masu 'yan daƙiƙoƙi na amshin waƙa, su ba ta maki. Duk da haka ba su tsira daga ƙorafi ba. Bayan dokar sadarwa ta 1996 ta ba kamfani ɗaya damar mallakar tashoshi barkatai, Clear Channel, wanda ya koma iHeartMedia a 2014, ya tara tashoshi sama da dubu. Aka wayi gari mutane na kukan duk garin da ka je waƙoƙi iri ɗaya kake ji, domin daga nesa ake tsaro jadawalin.

YADDA ABIN YAKE A GIDA

Yau da wuya ka shiga situdiyon rediyo a Kano ka tarar da kaset. Komai a kwamfuta yake. Amma ya kamata a bambance abu biyu. Akwai manhajar kunnawa, wadda aikinta ta sa waƙa, ta sa talla, ta riƙe tasha da tsakar dare idan ba kowa. Akwai kuma manhajar tsara jadawali irin wadda aka bayyana a sama, mai tsada, mai buƙatar ma'aikaci na musamman. Ƙananan tashoshi da yawa ta farkon suke wadatuwa da ita. Ma'ana, mai gabatarwa ko DJ ɗin da ke bakin aiki shi zai buɗe rumbu ya jawo abin da ya ga dama, ko kuma a bar na'ura ta yi ta cankar duk wadda ta faɗo.

Sannan rediyon Hausa na magana ne kafin ya zama na kiɗa. Shirye-shirye irin su Inda Ranka da Kowane Gauta su suka yi wa Freedom suna. Lokutan da aka fi sauraro kuwa akasari an sayar da su ga 'yan siyasa da sojojin baka, masu maganin gargajiya da 'yan kasuwa. Waƙa a lokuta da dama cike gurbi take yi: minti uku ya rage kafin labarai, sai a nemi abin da zai toshe. A nan waƙar Hausa ke fara cin karo da matsala, domin waƙar fim kan kai minti biyar ko shida, ta Shata ko Ɗanƙwairo kuwa ta wuce haka nesa ba kusa ba. Ko dai a datse ta a tsakiya, ko a tsallake ta a ɗauki gajera.

Wata matsalar ita ce ta suna. Waƙoƙi da yawa daga hannun 'yan turi suke shiga gari, daga memori zuwa memori. Wata ba sunan mawaƙi, wata an liƙa mata sunan jarumin da ya hau ta a fim maimakon wanda ya rera, wata kuma lamba ce kawai. Manhaja ba ta da kunne, rubutu take karantawa. Waƙar da ba ta da cikakken bayani, ko tana cikin kwamfutar, tamkar babu ita ne. Wannan ya fi cutar da mawaƙa mata da suka yi shekaru suna rera wa jarumai, da makaɗan fiyano waɗanda dama ba a cika ambaton su ba.

HANNUWAN DA KE KAN MAKULLI

Hannu na farko na hukuma ne. Ƙa'idar NBC ta ce kashi 80 cikin ɗari na kiɗan da tasha ke sawa ya zama na Nijeriya, kuma hukumar na da ikon ta ce waƙa kaza ba ta hau iska ba. Ta yi wa Falz haka a 2018, ta yi wa Eedris Abdulkareem a 2025. A namu ɓangaren, a 2022 ta hana sa waƙar Warr ta Ado Gwanja, a daidai lokacin da waƙar ke cin kasuwarta a TikTok da gidajen biki. Ga kuma Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001. Masu dogon tunani ba su manta da 2009 ba, shekarar da wata kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi goma sha ɗaya a Kano, aka kuma kama Aminu Ala. Duk da cewa lasisin rediyo a hannun tarayya yake, babu manajan da zai so ya ja wa tasharsa magana a gari irin Kano. Don haka kafin hukuma ta tace, shi ya riga ya tace.

Hannu na biyu na aljihu ne. Biyan kuɗi a ɓoye don a sa waƙa tsohuwar cuta ce. A Amurka ta kai ga binciken majalisa a 1959 da 1960, ta karya fitaccen mai gabatarwa Alan Freed. Zuwan kwamfuta bai kashe ta ba: a 2005 kamfanin Sony BMG ya amince ya biya dala miliyan 10 bayan binciken babban lauyan jihar New York, Eliot Spitzer. Abin da ya canza kawai shi ne wanda ake nema, daga mai gabatarwa zuwa mai tsara jadawali. A nan gida, maganar na goro da kuɗin mai ba baƙuwa ba ce a bakin ƙananan mawaƙa. Idan tasha ta sayar wa mawaƙi fili a sarari, da rasit, aka kuma faɗa wa mai sauraro cewa talla ce, wannan ciniki ne. Ɓarnar ita ce a karɓa ta bayan fage, sannan a ce wa jama'a wai waƙar ce ke tashe.

Abin takaicin ma shi ne a doka tasha ce ya kamata ta biya mai waƙa. Rigimar da ta ɓarke a Disambar 2013 kan wannan ce, lokacin da ƙungiyoyin masu gidajen rediyo da talbijin, BON da IBAN, suka dakatar da sa waƙoƙin 'yan ƙungiyar haƙƙin mallaka ta COSON, sai a 2014 aka sasanta. Ko wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa mutane ne ke buɗe rumbu su rufe.

Hannu na uku na waya ne. A da rediyo ke haifar da tashe, yanzu bin sa yake yi. Jarumar Mata ta Hamisu Breaker a 2020 ta wayoyin matan aure masu yi wa mazajensu rawa ta game ƙasa. Mai gabatarwa na yau yakan leƙa YouTube, TikTok, Audiomack ko Boomplay ya ga abin da ke sama, sai ya jawo. To su kuma waɗannan dandamalin na'ura ce ke tura wa mutane abin da ta ga ana yawan taɓawa. Idan akwai inda za a ce na'ura na zaɓe da gaske, to nan ne, kuma ta bayan gida take shigowa rediyo.

MANOMIN DA BA A ƘIRGA SHI

A nan ne maganar ta shafi mutanen Madobi, Kura, Bunkure da Garun Malam. Wannan yanki shi ne cibiyar noman rani na Kano, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ke bin magudanai ya shayar da dubban kadada na shinkafa, tumatir, alkama da albasa. Mutanen nan ba sa hutun noma. Daga mai ban-ruwa a Kadawa, zuwa mai ɗaurin kwando a Kwanar Gafan, zuwa mata masu turara shinkafa a Kura, rediyo ne abokin aikinsu, ko a rataye a jikin bishiya ko a cikin 'yar ƙaramar waya. Mutum ne da zai saurare ka awa shida ba tare da ya murɗa ba. Kuma yana da abin saye: taki, iri, maganin feshi, injin ban-ruwa, babur.

Amma a wane ma'auni yake fitowa? Ba ya cikin lissafin TikTok sosai, domin data kuɗi ce. Hannunsa na cikin taɓo a lokacin da ake buɗe layin waya, kuma ɗan birni mai kati ya riga shi shiga. Katin zaɓen da ke kai muryarsa ya zama tarihi. Sakamakon haka, tasha za ta iya zama a tsakiyar manoma, eriyarta na kallon gonakinsu, amma zaɓin waƙarta na yaran Zoo Road ne. Ba wai manomi ba ya son Nura M. Inuwa ko Umar M. Shareef ba ne, yana son su ƙwarai. Sai dai yana kuma son waƙar noma, da ta dambe, da kukuma, da tsofaffin waƙoƙin fim na zamanin da ya yi aure. Da yawan waɗannan suna kan tef da kaset, kuma duk wadda ba a juye ta a kwamfuta ba ta fita daga layi ke nan, ko da kuwa ba wanda ya hana ta.

Akwai kuma abubuwan da sai ɗan gari ne zai gane su. Na'ura ba ta san an yi rasuwar babban mutum ba, za ta iya sako kiɗan rawa a bayan sanarwar jana'iza. Ba ta san habaici ba, ba ta san wace waƙar bege ce za ta faranta wa wasu ta sosa wa wasu rai ba, ba ta san waƙar da ta ambaci ɗan takara a jajibirin zaɓe ba. Azumi, Juma'a, watan Mauludi, lokacin kakar tumatir, kowanne da irin abin da kunne ke so. A 2023 wata tasha a garin Portland na Amurka ta gwada sa muryar ƙirƙirarriyar basira ta gabatar da shiri, abin ya ja hankalin duniya. To ko da irin wannan ta iso Kano, sai an samu wanda zai gaya mata yau ba ranar kalangu ba ce.

ABIN YI

Ga masu gidajen rediyo, gyaran ba mai tsada ba ne. A samu mutum ɗaya ko ƙaramin kwamiti da aka san shi ke karɓar waƙa, da ranar karɓa, da ƙa'idar da kowa ya sani. A ware gurbi a kowace awa ga sabon mawaƙi da kuma tsohuwar waƙa, tunda manhajar za ta bi duk umarnin da aka ba ta. A juye tsofaffin tef kafin su lalace. A kuma fita a tambayi mutanen karkara abin da suke so, ko da ta hanyar wakilan da ke zuwa ɗauko farashin kasuwa ne.

Ga mawaƙa da furodusoshi kuma, ku daina miƙa waƙa tsirara. A rubuta sunan waƙa, wanda ya rera, wanda ya yi amshi, makaɗi da fim ɗin da ta fito. A yi gajeren zubi na minti uku domin rediyo, a bar dogon wa masu biki. Wanda ya biya kuɗin fili ya karɓi rasit. Sannan a yi rajista da ƙungiyar haƙƙin mallaka, domin sabuwar dokar da aka sa wa hannu a 2023 ba za ta yi wa wanda bai nemi haƙƙinsa ba aiki.

Shi kuma mai sauraro, idan waƙa ɗaya ta ishe ka, ko ka shekara ba ka ji wadda kake so ba, kada ka tsaya zagin kwamfuta. Tashar na da lambar waya, tana da manaja, tana da shugaban sashen shirye-shirye. Su za ka tambaya.